Ina iyakar haƙuri?

Kafin ka ci gaba da karatun wagga takarda ina roƙon ka abu guda. Ɗauko kayenka da bik. Rubuta layi ɗaya tak, ka faɗi ko mene ne haƙuri. Kada ka kawo karin magana. Kada ka ce abu ne mai kyau, wannan kowa ya sani. Faɗi ko mene ne shi, yadda baƙon da bai taɓa jin kalmar ba zai gane ta, har in ya gamu da mai haƙuri a hanya ya shaida shi.

In ka gwada, to ka ga abin da na gani. Kalmar da muke faɗi sau goma kafin azahar, in an ce a rubuta ma'anarta sai hannu ya tsaya.

Ni ma haka ta faru gare ni. Lokacin da nake makarantar horon malamai, malaminmu na darasin rubutu ya ba mu aiki. Ya ce kowa ya zaɓi kalma guda, ya bayyana ma'anarta cikin shafi 2. Wasu suka zaɓi ƴanci, wasu ci gaba, wasu ilimi. Ni na ce bari in ɗauki mai sauƙi, na ɗauki haƙuri. Ai da shi aka yaye mu. Na zauna dare ɗaya na cika shafi 2 har da ƙari. Na sa mahaƙurci mawadaci. Na sa haƙuri maganin zaman duniya. Na sa mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romo. Na kwanta ina jin daɗi.

Da takarda ta dawo sai na ga jan bik a ƙasanta. Malam ya rubuta cewa na yi wa haƙuri kirari, amma ban nuna masa shi ba. Na ji haushi kwana biyu. Rana ta uku na sake karantawa, na ga gaskiyarsa. Da za a goge kalmar haƙuri ko'ina cikin takardata, a sa gaskiya ko kunya a gurbinta, da rabin maganar ta zauna daram, babu mai lura. Maroƙi ya iya yi wa mutum kirari tun safe har dare, amma in ka ce ya kai ka gidan mutumin, wataƙila bai san ƙofa ba.

Na ce to, bari in duba ƙamus. Akwai babban ƙamus na Bargery, wani Bature ɗan Ingila, wanda aka buga a 1934. Yana da kalmomin Hausa wajen 39,000, amma bayaninsa da Ingilishi ne, sai ya ba ka kalmar Turawa a gurbin taka. Akwai kuma ƙamus na Jami'ar Bayero ta Kano, na 2006, wanda ke bayyana Hausa da Hausa. Ban raina ƙamus ba, ko yau ina buɗa shi. Sai dai aikinsa shi ne ya gaya maka yadda mutane ke amfani da kalma. In mutum biyu suna jayayya, wanga ya ce abin da na yi haƙuri ne, wancan ya ce a'a, tsoro ne, ƙamus ba ya shiga tsakaninsu.

Malaminmu ne ya ba ni makullin abin, kuma da maganar gona ya ba ni shi. Ya ce bayyana ma'anar kalma kamar fid da iyakar gona ne. Ba wasa yake ba. Malaman Larabci suna kiran wanga aiki haddi, haddi kuwa iyaka ke nan. Kalmar da Faransawa ke amfani da ita, ita ma tushenta wata tsohuwar kalma ce mai nufin iyaka. Kai da kake manomi ka fi ni sanin yadda ake ɓata iyaka. Ko dai ka dasa gambarka can cikin gonar maƙwabci, ka haɗa da abin da ba naka ba. Ko kuma ka dasa ta kusa, ka bar kadadarka a waje wani ya shuke. Malaman manɗiƙi, wato ilimin daidaita tunani, sun ce haddi nagari sai ya cika sharaɗi biyu: ya tara duk abin da ke nasa, ya hana duk abin da ba nasa ba. Wanga ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Malam Abdurrahman al-Ahdari, mutumin Aljeriya na ƙarni na 16, wanda almajirai ke fara karatun tsarki da salla da littafinsa Ahalari, shi ne kuma ya wallafa Sullam, ɗan littafin manɗiƙi da manyan ɗalibai ke karantawa a zaure.

Ga labarin da ya sa ban ƙara mantawa ba. A ƙasar Girka, a birnin Atina, wajen shekara 2400 da suka wuce, an yi wani babban masani, Aflatun. An ce wata rana ya bayyana wa ɗalibansa ko mene ne mutum. Ya ce dabba ce mai ƙafa biyu, marar gashin tsuntsu. Ɗalibai suka yaba. Sai wani masani mai tsokana, Diyojin, ya kama zakara ya fige shi tas, ya kawo shi makaranta, ya ce ga mutumin Aflatun nan. Dole aka koma aka gyara magana, aka ƙara cewa mai faffaɗan farce. Tun ranar da na ji wanga labari, in na rubuta ma'anar wata kalma sai in tsaya in nemi figaggen zakarana da kaina, kafin wani ya kawo mini shi gaban jama'a.

Bana, bayan an gama ɗaurin hatsi, muka buɗe aji a ƙauyen da nake koyarwa, kudu da Maraɗi. Waɗanda suka yi shekara biyu tare da ni sun iya rubuta wasiƙa da lissafin bashi. Na ce lokaci ya yi da za su ɗanɗana abin da na ɗanɗana. Na ɗauki alli na rubuta a allo: Mene ne haƙuri?

Wani saurayi mai saurin hannu ya riga kowa. Ya rubuta: haƙuri shi ne yin shiru. Na tambayi aji, wa zai kawo zakara? Nan take wani ya ce ɓarawon da ya laɓe bayan rumbu shiru yake yi, ko shi ma mai haƙuri ne? Aka yi dariya, muka goge. Wani ya ce haƙuri shi ne jira. Aka ce malalacin da ke kwance gindin bedi yana jiran a dama fura fa? Muka goge. Sai wani ya kawo wadda ta fi ƙarfi: haƙuri shi ne jure wahala ba tare da ƙorafi ba. Wagga ta daɗe a allo. Ni kaina na so in bar ta. Sai wani dattijo da ke zama can baya, wanda duk muke ce wa Baba, ya gyara murya. Ya ce, malam, jakina ya fi kowa a nan jure wahala, kuma bai taɓa kai ƙarata wurin mai gari ba. In haka ne haƙuri, to a ba shi ladan, mu mu tashi.

Wani ya ce ai ana cewa jaki mai haƙuri ne. Baba ya ce ana faɗi, amma jaki ba shi da wata hanya. Bai iya ya ajiye kaya ya yi magana ba. Wanda ba shi da zaɓi, ba a ce ya zaɓa.

Ka lura da abin da ya faru a nan, mai karatu. Kowace amsa da muka goge ta bar mana wani abu. Mun gane haƙuri aikin mai hankali ne, wanda ya iya yin wani abu daban amma ya riƙe kansa. Gogewa ba hasara ba ce. Da ita ake matsa gamba kaɗan kaɗan har ta zo inda ya kamata.

Sannan muka duba bakinmu. Sau nawa muke cewa yi haƙuri, kuma me muke nufi? In na taka ƙafarka a kasuwa na ce yi haƙuri, gafara nake roƙo. In na je gaisuwar mutuwa na ce a yi haƙuri, ta'aziyya ce. In almajiri ya zo ƙofa aka ce ya yi haƙuri, ana nufin babu. Duk waɗanga ba su da wuya. Akwai ta huɗu, ita ce ta sa na rubuto wagga takarda.

A ajin mata akwai wata da ba ta cika magana ba. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Mijinta ya rasu damina huɗu da suka wuce, ya bar ta da ɗa namiji ƙarami da ɗiya mata biyu, ya bar gona. Ƙanen mijin ya ce zai riƙe wa marayu gonar har yaro ya girma. Tun daga nan shi ke shuka, shi ke girbi, hatsi rumbunsa yake shiga. In kaka ta yi sai ya aiko mata da dami kaɗan. Har gamanar da take nomawa tun mijinta na da rai an haɗe ta cikin gandu. Wanga ba sabon abu ba ne a yankinmu. Mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, kuma in wuri ya matse, gamanar mace ake fara ɗaukewa. Duk lokacin da ta buɗa baki, sai a ce mata yi haƙuri. Uwar miji ta ce yi haƙuri. Ƴan uwanta na jini suka ce yi haƙuri, kada ki ɓata zumunci. Shi kansa mai riƙe da gonar, in sun gamu, cewa yake yi haƙuri, Allah na tare da masu haƙuri.

Ranar da na rubuta tambayar a ajinsu, sai ta ɗaga hannu. Ta ce, malam, ni shekara huɗu ina yin wani abu da kowa ke kira haƙuri. Ina so in sani, shi ne, ko ba shi ba ne?

Na yi shiru. A makarantar horo, in ka ɓata ma'anar kalma, jan bik ne kaɗai zai same ka. A nan kuwa abincin yara uku ne ke rataye da amsar.

Ga abin da na sani, kuma na faɗa mata. A shari'ar gado, matar da mijinta ya rasu ya bar ɗiya tana da kashi 1 cikin 8, shi ne tumunin takaba. In an fid da rabon iyayen mamaci, in suna raye, sauran na ɗiyan ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. In mamaci ya bar ɗa namiji, ɗan uwansa ba shi da gado ko taki ɗaya. Wanda ya riƙe dukiyar maraya amana ya riƙe, ba mallaka ba. A wajen hukuma kuma, tun 1993 Nijar ta kafa dokar karkara wadda ta tanadi kwamitocin shaidar gonaki, masu ba mutum takardar da ke nuna gona tasa ce. Rigimar gona kuwa wurin mai gari da sarki ake fara kai ta don sulhu, kafin a je gaban alƙali. Wato hanya tana nan. Yaya ba jakin Baba ba ce. Tana da baki, tana da shaidu, yanzu kuma tana da hannun rubutu.

Amma wannan bai amsa tambayarta ba. Ita ba gado ta tambaye ni ba, kalma ta tambaye ni.

Ga ra'ayina, in ka ga kuskure ka rubuto. Haƙuri yana hana mutum gaggawa, yana hana shi zagi da duka, yana hana shi yanke ƙauna. Ban ga inda yake hana shi neman hakkinsa ba. Dubi manomi. Ya yi shuka, ruwa ya ɗauke, shuka ta ƙone. Ya sake. Iska ta binne ta da rairayi. Ya sake ta uku. Shi muke kira mai haƙuri. Wanda ya ce Allah ya kawo, ya koma ya kwanta da iri cikin buhu, ba mu ba shi wanga suna. Ko dubi itatuwan da ke cikin gonakinmu yau. Iyayenmu sun ce bayan yunwar 1984 sai ka tsaya a bakin gari ka hangi gari na gaba, babu abin da ya tare ido. A waɗannan shekaru ne aka fara sassaben zamani a jihar Maraɗi: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a riƙa yi musu aski kowace shekara. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka fili mai faɗin eka miliyan 5, da awon hekta, ya sake samun itace a Nijar. Wanda ya bar toho yana kallon sa shekara biyar, matarsa na neman itacen girki, maƙwabta na cewa gonarsa ta yi datti, ya yi haƙuri na gaske. Amma kullum da wuƙa a hannunsa yake yin sa.

Saboda haka na rubuta a allo: haƙuri shi ne mutum ya riƙe zuciyarsa, ya ci gaba da neman abin da ya dace ta hanyar da ta dace.

Na ji daɗin wagga jimla. Ba ta kwana ba. Da dare na karanta wa ajin maza, sai Baba ya sake gyara murya. Ya ce, malam, na binne ɗiya uku da hannuna. Me zan ci gaba da nema? In haƙuri sai da nema, to abin da na yi shekara talatin ina yi, mene ne sunansa?

Ya kawo zakara, kuma ba na dariya ba. Da farko iyakarmu ta yi faɗi har jaki ya shigo. Yanzu na matse ta har na bar Baba a waje. Malamai ma da suka yi magana a kan haƙuri sun kasa shi uku: haƙuri wajen yin abin da aka umarta, haƙuri wajen barin abin da aka hana, da haƙuri a kan ƙaddarar da ta sauka. Na Baba shi ne na uku. Ni na manta da shi don hankalina yana kan gonar Yaya. Haka son rai ke shiga cikin rubutu, ko da niyyar mai rubutu kyakkyawa ce.

Muka gyara tare. Muka ce akwai abin da hannun mutum bai iya sakewa, kamar mutuwa da fari. A nan haƙuri shi ne ka riƙe zuciyarka ka karɓa. Akwai kuma abin da mutum ne ya ƙulla shi, mutum kuma ya iya kwance shi. A nan haƙuri shi ne ka riƙe zuciyarka ka bi hanya. Riƙon zuciya yana ko'ina, shi ne gindin kalmar. Ɓarnar da ake yi ita ce a ɗauki abin da mutum ya ƙulla a sa masa rigar ƙaddara. Mutuwar mijin Yaya daga Allah ce. Hatsin da ke shiga rumbun wani, da amalanke ake kai shi, kuma an san mai amalanken.

Akwai wurin da har yanzu ban iya dasa gamba ba, ba zan ɓoye maka ba. Wata mace a ajin ta ce, in Yaya ta kai ƙara, dangin miji za su juya mata baya, ranar auren ɗiyanta wa zai tsaya? Ta ce mai yiwuwa shirun da ta yi lissafi ne, ta sayi zumunci da hatsi don yaranta. Wannan magana ce mai nauyi. Mutum biyu sun iya yin shiru iri ɗaya, ɗaya don ya auna ya zaɓa, ɗaya don tsoro ya kashe masa zuciya. Daga waje ba ka rarrabe su. Ma'anar da muka rubuta ba ta ba ni ikon leƙa zuciyar kowa ba, kuma ban ce wa Yaya ta kai ƙara ko kada ta kai ba. Ba ni zan zauna cikin gidan ba.

Abin da ta ba mu shi ne ikon auna mai faɗin kalmar. In an ce maka yi haƙuri, dubi bakin da ya faɗa. Shi me zai rasa in ka yi, me zai samu? Wanda ya zo ta'aziyya ba ya cin ribar haƙurinka. Wanda ya taka ka ya roƙi gafara, ya ɗauke ƙafarsa tukuna. Amma wanda ke cewa yi haƙuri alhali ƙafarsa na bisa taka, hannunsa na cikin rumbunka, wanga ba haƙuri yake nema gare ka ba, shiru yake nema. Ya ari sunan abu mai daraja ya liƙa wa abin da ke yi masa amfani. Muddin kalmar ba ta da iyaka a kanka, duk inda ya ce nan ne iyaka, nan za ka tsaya.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa irin wanga darasi na ƴan lakkwal ne ba, wai manomi lissafin awo da karatun takardar asibiti sun ishe shi. Ana cutar mutum da sikeli, gaskiya ne, kuma mun koyi karanta sikeli. Ana kuma cutar sa da kalma: amana, zumunci, biyayya, kunya, rabo. Magana ta baki tana wucewa kamar iska, kafin ka kama ta an shiga wata. In ka rubuta ta kuwa, ta zauna. Gobe ka dawo ka same ta inda ka bar ta, ka juya ta, ka kawo mata jaki da ɓarawo da zakara, ka ga ko za ta tsaya.

In za ka gwada, ga yadda muke yi. Rubuta jimlarka ta farko ba tare da tsoro ba, ka san za a goge ta. Nemi wanda ya shigo cikinta alhali ba nan ne wurinsa ba. Nemi wanda ta bari a waje alhali ɗan gida ne. Ajiye ta kusa da maƙwabtanta, kamar haƙuri da tsoro, haƙuri da lalaci, haƙuri da yafewa, ka ga inda gonakinsu suka rabu. Kuma ka kawo mutum na gaske cikin rubutun, wanda ka san fuskarsa, ba sai ka faɗi sunansa ba. Karin magana ka bar ta sai ƙarshe, in wuri ya rage.

Mako biyu bayan wanga darasi, Yaya ta tsaya bayan an tashi. Ta buɗe kayenta ta nuna mini. Ba jimlarmu ta allo ta kwafa ba, tata ta rubuta, da manyan baƙaƙe masu karkata: na yi haƙuri da mutuwa, ban yi haƙuri da gona ba. Na ce mata, Yaya, a ƙa'idar darasi wagga ba ma'anar kalma ba ce. Ta ce ta sani. Ta ce abin da take so yanzu in koya mata yadda ake rubuta kashi 1 cikin 8 da lamba, da yadda ake fid da shi daga dami 60. Muka zauna muka yi, ya ba da dami 7 da rabi. Ta rubuta, ta sake rubutawa. Ta ce za ta fara zuwa wurin liman, ita da yayanta namiji, kafin maganar ta kai ga mai gari. Har ranar da nake wanga rubutu ba a zauna ba, an ce sai ƙanen mijin ya dawo daga tafiya.

Kai kuma, layin nan da ka rubuta da farko, koma ka dube shi. In ya tsaya, aiko mana da shi ta hannun malamin ajinku, mu karanta wa Baba mu ji. Mako mai zuwa kalmar da za mu sa a allo ita ce kunya. Surukai biyu sun riga sun aiko cewa a ajiye musu wuri a tabarmar gaba.